Madarata Ta Koma Awara

Jama'a, yau Mama ta gama da ni!

Kun san likita ya hana Kabiru, wanda zan aura, shan nono saboda ciwon ciki. Na ce ina raye ba zai rabu da fura ba. Na jiƙa waken suya, na kai niƙa, na tace, na ɗora a wuta. Madara fara sol! Har ina hango shi yana kurɓa, yana kallona ƙasa-ƙasa.

Wanka kawai na shiga. Ina fitowa na ga Mama a bakin murhu da kofin ruwan tsami. Madarata ta dunƙule curi-curi!

Na ce, "Mama, me kika zuba?"

Ta ce, "Awara babu tsami? Gyara miki na yi."

"Ta sha ce fa!"

"Wake ake sha? A Daurar nan?"

Kafin la'asar Mama ta matse, ta soya, ta barbaɗa yaji. Da Kabiru ya zo gaishe ta, ta ajiye masa awarar, ta ce, "Ni na yi maka."

Ya cinye tas. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ki koya a wurin Mama kafin biki."