Ranar da Muka Yi Jere a Gidan Mai Akuya

Ko na tsufa na rikice, ina jin ranar jeren ƙanwata ba za ta fita daga kaina ba. Har yau in muka haɗu a gidanmu na Gwandu aka taɓo zancen, sai mun yi dariya har da hawaye.

Angon mutumin Kalgo ne, yana aiki a Birnin Kebbi. A lokacin an rushe wasu tsofaffin unguwanni na tsakiyar gari ana gina shaguna da benaye, an kuma zuba sababbin gidaje a hanyar Kalgo, layi-layi, fenti ɗaya, ƙofa ɗaya. A nan ya kama haya. Kwatancen da ya yi mana a waya shi ne mu wuce tankin ruwa, za mu ga gida mai shuɗiyar ƙofa, ya bar ta a buɗe.

Da hantsi muka isa, mu mata cike da bas, motar kaya na biye. Ashe duk ƙofofin unguwar shuɗaye ne. Muna cikin waige-waige Gwaggo, yayar babanmu, wadda ba a yi mata musu, ta hango wata ƙofa a buɗe ta ce ga shi nan. Muka leƙa, falo wayam, babban ɗaki wayam. Aka sauke kaya, direba ya juya.

Mun yi aiki ranar. Muka kafa gado, muka rataya labule, muka jera kwanoni, aka kunna turaren wuta. Akwai wani ƙaramin ɗaki a baya da na ga tabarma da buta a ciki, na ɗauka na mai gadi ne.

Wajen azahar sai ga wata tsohuwa ta yi sallama, riƙe da igiyar akuya. Ta tsaya bakin falo tana kallon labulen. Gwaggo ta ɗauka maƙwabciya ce, ta tarbe ta da fara'a, ta zaunar da ita a sabuwar kujera, ta sa na kawo mata alkaki da kunu. Har ta ja mata kunne kada akuyar ta ɓata wa amarya tsakar gida. Tsohuwar nan ta ci alkakinta a natse, ta shanye kunu, ta yaba gadon, ta sa albarka. Sannan ta goge baki ta ce, "Allah shi ba da zaman lafiya. Sai dai gidanga nawa ne."

Gwaggo ta miƙe zumbur. Muka hau ba da haƙuri, ni kam ji nake kamar in nutse. Tsohuwar kuwa dariya take. Ta ce tana cikin waɗanda aka rushe wa unguwa, aka ba ta wannan gida a madadin nata. Maƙwabtan da suka tsufa tare duk an warwatsa su. Gidan ya yi mata girma, shi ya sa ta tattara a ɗakin baya. Tun da ta tare ba wanda ya yi mata sallama, kowa da safe sai ya ja ƙofa ya tada mota.

"Da na ji guɗa daga bakin layi, na ce wa ya yi sa'a haka? Ashe ni ce," in ji ta.

To amma ga matsala. Bayan la'asar za a kawo amarya, direba kuma ya ce ya yi nisa da wani lodin. Da muka kira ango, ashe gidansa na layin baya, yana can yana jiranmu tun safe. Gwaggo ta fara salati, tana cewa yau dangin miji za su samu abin faɗa a kanmu.

Tsohuwa ta ɗaure akuyarta ta ce in biyo ta. Gida-gida muka bi tana buga ƙofa, tana cewa ɗiyarta ce za ta tare, a fito a kama mata. Ranar Asabar ce, mutane na gida. Sai ga magidanta da matansu sun fito, wani ya kawo a-kori-kura, wasu suka ɗauki katifa a ka. A kan hanya suke tambayar juna suna da garin asali, mutanen da katanga ɗaya ta raba su wata da watanni. Ita ce a gaba rungume da madubin amarya, ta ƙi ba kowa. Kafin motocin Gwandu su iso mun gama, har maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi a waje.

Ƙanwata ta samu uwa a unguwar nan. Da ta haihu ma tsohuwar ce ta tsaya mata a wankan jego, Gwaggo kuma duk zuwanta Birni sai ta kai mata alkaki.

Abin da na koya shi ne, gwamnati da masu kuɗi suna iya gina gidaje su shafa musu fenti, amma ba sa zama unguwa sai wani ya cire kunya ya buga ƙofar wani. Shi ya sa duk inda na tare yanzu, kafin in kwance kaya nake zuwa gaida na kusa da ni.