Tarin da Na Ƙi Yi a Gaban Likita

Tsufa ya goge mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina wani lokaci sai na yi lalube. Amma kwanakin da na yi ina jiran a yi mini aiki a ciki, waɗannan kam ba zan manta da su ba har in koma ga Mahaliccina.

A Roni muke zaune a lokacin, shekarun da kuɗin fetur suka shigo, kowa yana neman rediyo da rufin kwano. Cikina ya fara tasowa ta gefen dama. Mata suna yi mini murmushi a bakin rijiya, ni kuwa na san ba ciki ba ne, tunda ina ganin al'adata. Ni dama mai fargaba ce tun asali. Ko kaza ta yi atishawa a gida sai na hana kaina sukuni. Da nauyin ya fara hana ni sunkuyo, maigida ya kai ni Kazaure. Ma'aikacin asibitin ya danna cikin, ya ce wannan ya fi ƙarfinsu, sai Kano.

Sai dai akwai wani abu da ya riga kumburin zuwa da shekaru, wanda ban gaya wa kowa ba. Bayan haihuwar autana na koma daka da ɗaukar ruwa da wuri, domin damina ta kama. Wata rana ina ɗaga taɓarya na ji wani abu ya sauko mini ta ƙasa. Na shiga bayan gida na mayar da shi da hannuna. Daga nan ya zama abokin zamana. In na kwanta ya koma, in na daɗe a tsaye ya leƙo. Na riƙa ɗaure shi da tsumma, ina wankewa ina shanyawa a bayan rumbu. Maigida ma ciwon baya nake ce masa. Salla ɗaya sai in maimaita ta, saboda kokwanton ko alwalata ta tsaya. A zatona ni kaɗai ce a duniya Allah ya jarraba da wannan.

Likitan Kano Ba'indiye ne, ba ya jin Hausa. Ni kuma elementare na yi, ina karanta Hausa, amma Turanci sai dai in gaida mutum. Wadda za ta yi mini tafinta ita ce 'yata ta fari, malamar firamare. Mu Fulanin gida ne, kuma kunyar 'yar fari a wurinmu ba wasa ba ce. Tun yaye mahaifiyata ta ɗauke ta. Ita take ce wa Inna, ni kuwa Yaya. Ban taɓa faɗin sunanta ba, ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da ita ba. In ina son ta yi wani abu, sai in ce wa ƙanwarta a gaya wa waccan.

Kafin mu shiga na nemi bayan gida, na mayar da abin ciki sosai. Likita ya duba ni ina kwance, wata nas tana riƙe da mayafi. Sai ya ce in yi tari. Na san sarai abin da tari yake yi mini. Na matse jikina, na yi ɗan gyaran murya irin na amarya. Ya ce in ƙara, na ƙara irinsa. Bayan na tashi ya yi tambaya, 'yata ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, wai ko kina jin wani abu yana sauko miki ta ƙasa?"

Na kalli bango na ce, "Ce masa babu."

Ya yi bayani cewa wata jaka ce mai ruwa ta fito a jikin ƙwan mahaifa, ta girma, sai an buɗe ciki an cire. Ya ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, ya ce a kawo masu ba da jini, ya sa mana rana.

Na koma gida na shiga shiri irin na mai tafiya lahira. Na bi maƙwabta gida gida ina neman gafara, har matar da na taɓa yi wa tsawa a kan akuya. Na mayar da rariyar da na ara. Na nuna wa 'yan matan gidan inda na ajiye kuka da daddawa. Ƙannen maigida biyu suka yarda za su ba da jini, bayan an yi ta lallashin ɗayansu. Kowa yana yaba hankalina. Ni kuwa abu biyu ke cin raina. Na farko, na yi ƙarya, kuma ta bakin 'yata na yi ta, ga shi za a yi mini allurar barci wadda ba kowa ke farkawa ba. Na biyu ya fi muni. In na mutu, matan da za su yi mini wanka za su gani. Na riƙa hango fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, har da irin kallon da za su yi wa juna. Yanzu in na tuna sai in ce kai, dubi mace, tana tsoron idon masu wankan gawa fiye da ciwon da ke jikinta.

Aka ba ni gado kafin ranar aikin. 'Yata ta ɗauki hutu a makaranta, ta shimfiɗa tabarma ta wajen ƙafafuna, tana zama ta ba ni baya. A gadon da ke kusa da nawa akwai wata dattijuwa Babarbariya daga wajen Babura, an riga an yi mata nata aikin. Da ta ji mu Fulani ne sai ta samu abin yi. Ta ce ashe bayinta sun biyo ta har Kano, in tashi in yi mata fifita. Na ce Barebari ne dai bayinmu, zanen fuskarta ma shaida ne. Wannan wasan ne kawai ya sa ni dariya a ɗakin nan.

Ana gobe aiki, da la'asar, aka ce daga magariba ba ci ba sha. Na dawo daga bayan gida ina tafiya a hankali, na ɓoye jiƙaƙƙen tsumma a cikin zane. Dattijuwar ta bi ni da ido har na zauna.

"Ke Bafilatana," ta ce, "wannan tafiyar taki ba ta ƙari ba ce. Na yi irinta shekara da shekaru. Me kike ɗaurewa?"

Na ce babu komai, Baba. Ta ce in riƙe babu komai ɗina, ita mahaifarta ce ta sauko, ita aka gyara mata, kuma rabin matan ɗakin nan abin da ya kawo su ke nan. Ta nuna su da haɓa, har da wata yarinya mai haihuwa uku kacal. Ta ce, "Ku da kunyarku, sai ta kashe ku a ce ajali. Likitan ya sani?"

'Yata tana nan a kan tabarma, tana ɓare lemo. Na ga hannunta ya tsaya. Ba zan iya juyawa in gaya mata ba, wallahi ko da wuƙa a wuyana. Sai na fuskanci dattijuwar, na ɗaga murya yadda ta kan tabarma za ta ji, na faɗi komai. Taɓarya, tsumma, sallolin da nake maimaitawa, da tarin da na ƙi yi. Ina magana zufa tana keto mini. Ban taɓa jin na tsirara ba irin ranar, alhali da zanena da mayafina.

'Yata ta ajiye lemon, ta sa takalmi ta fita. Na ɗauka fushi ta yi, ko kunyata ta kore ta. Can sai ga ta da sista, babbar nas ɗin ɗakin.

Washegari, maimakon ɗakin tiyata, aka sake kai ni gaban likita. Aka ja labule, 'yata tana bayansa tana fassara. Wannan karon na yi tari na gaskiya. Likita bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce tsumman ya goge wurin har ya yi gyambo, ba za a taɓa ni ba sai ya warke. Da na faɗa tun zuwan farko, da an yi maganinsa a kwanakin da na yi a gida ina rabon rariya. Ya ce in ya warke za a haɗa aikin biyu a yi lokaci guda, kuma sai maigida ya zo ya sa hannu, domin watakila a cire mahaifar.

Haka aka ɗaga aikin. Ƙannen maigida suka koma Roni da jininsu, ana tsakiyar girbin gero, daga baya suka sake dawowa. Hutun 'yata ya ƙare, ta je ta roƙi ƙari. Maigida ya ji komai daga bakin likita, ya fito ya zauna a bakin gadona ya daɗe, sannan ya ce, "Ashe ciwon bayan ke nan." Ban iya ɗaga ido ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wata safiya da 'yata take taimaka mini in sauko daga gado. Ta riƙe hannuna, karo na farko tun tana goye. Ta yi magana ƙasa ƙasa, ba ta dube ni ba.

"Yaya, duk hutun da na zo gida, ke kike daka mini fura. Ina zaune ina sha."

Na so in ce mata ba laifinta ba ne. Amma dattijuwar ce ta riga ni amsawa daga gadonta, ta ce to yanzu sai ta rama, ta daina kuka ta miƙo wa uwarta buta.

An yi aikin, an cire jakar, an gyara ƙasan, na farka lafiya. Na koma ina salla sau ɗaya in tashi da natsuwa.

Har yau ban raina kunya ba, da ita aka raine ni, kuma ado ce ga mace. Amma na gane tana da inda take tsayawa. Na ɗauka ina rufa wa kaina asiri ne, ashe wahala nake tarawa, tawa da ta mutanen da nake jin nauyinsu. Ciwon da ka ɓoye ba ya jin kunyarka, girma yake yi. Shi ya sa duk macen da na gani tana irin wannan tafiyar, ba na jira ta faɗa. Jan ta gefe nake yi in fara ba ta nawa labarin.