Achar da Choji ya aika a akwatin lab

Shekara ashirin da ɗaya ke nan Choji Dung yana buɗe ɗakin gwaji na wata jami'a a Birmingham kafin kowa ya iso. Ba malami ba ne. Shi ke wanke kwalabe, ya auna garin sinadarai, ya san injin da ke gurnani idan sanyi ya shigo. A Vom ya koyi aikin, cikin duwatsun Filato, kuma har yau in ya murɗa famfo da safe yakan rera waƙar coci a ƙasan maƙoshi, irin wadda mahaifiyarsa ke yi a bakin murhu.

Gidansa da ke unguwar Erdington kamar tasha yake. Duk mai tafiya sai ya biya ta can, kuma ba ya fita sai da ƙunshi: na wane ne, a Jos, ko Kaduna, ko Leeds. A wurin Choji, ka ji mutum zai yi tafiya ka bar shi ba saƙo, yanke zumunci ne.

'Yarsa Shalom tana koyar da Turanci a reshen jami'ar da ke wata ƙasar Larabawa. Bara, da cikinta ya kai wata biyar, ba abin da ranta ke so sai gwaten acha. Wani Bature abokin aikin Choji zai je reshen, sai Choji ya ƙulle acha mudu biyu da garin kuka, ya nemi abin da zai kare su daga zafi, ya ga wani farin akwatin soso da aka yar a lab, wato ɗakin gwajin. Tambarin sashensu na jikinsa. Ya ɗaure, ya miƙa.

Bana jami'ar ta nemi tallafin gwamnati, aka ce sai ta bayyana duk abin da ya fita daga ɗakunan bincikenta zuwa reshenta na waje. Sashen Choji kuwa a kan batir yake bincike, irin wanda ba a son sirrinsa ya fita. A rajistar reshen aka ga layi ɗaya: akwatin lab, gari a ciki, daga C. Dung, babu takarda. Aka dakatar da Choji daga aiki, aka dakatar da neman tallafin, wanda aikinsa da na mutum tara ke rataye a kai.

Kwana shida abinci bai wuce masa ba.

"Baban Shalom, kai da saƙo!" in ji matarsa Murna, tana tura masa kwano. "Ko duniyar wata za a je sai ka ba su daddawa. Ci, ka je ka faɗi gaskiya."

Jami'ar ta ɗauko mai binciken lamarin daga Manchester, matashiya mai suna Fauziyya, Turancinta na can ne sak. Ta tambaye shi mene ne garin. Turancin Choji na shekara ashirin ya gudu ya bar shi. Ya dubi tafin hannunsa ya ce a hankali, shi kaɗai, "Acha ce fa, da kuka."

Ta ajiye biro.

"Baba, kuka ta miya?"

Ya ɗago kai. Iyayenta 'yan Kano ne, Hausarta tana ɗingishi amma tana tafiya.

"Ni na yarda," ta ce, "amma committee ba sa cin tuwo. Ina shaida?"

Ya kira Shalom ta bidiyo. Ta fito da jaririya a kafaɗa, ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, cike da safar yara, ta nuna lambar da ke gefensa, ta ɗauko ragowar kukar a kwalba. Fauziyya ta ɗauki hoto, ta karɓi bayanin Baturen a rubuce, ta sa Choji ya cika fom ɗin da ya kamata ya cika tun bara. Za a tura shi horo na kwana biyu, kuma ko murfin kwalba ba zai sake fita da shi daga lab ba.

Choji ya ce wa Fauziyya, "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Akwai acha a gida, zan..."

"A'a, Baba! Ko ƙwaya ɗaya ka ba ni, ni ma sai na cika fom."

Aka janye dakatarwar. Ranar Litinin katinsa na shiga ya buɗe ƙofar lab. Ya tsaya a ciki bai kunna fitila ba, yana shaƙar ƙamshin sabulu da ƙarfe mai sanyi. Kwalaben kwana goma sun taru a wurin wanki, ba wanda ya taɓa su. Ya naɗe hannun riga.