Baban Ciyawa da Gefen Rafi

Kafin rana ta yi zafi zai turo tsohon babur ɗinsa waje, ya ɗaure buhun saiwar ciyawa a baya, ya yi ta bugunsa har ya yarda ya tashi. Ofishinsu ɗaki ɗaya ne, da teburi mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da bulo, amma shi ba mazaunin ciki ba ne. Leƙawa yake yi ya gaida masinja, ya kama hanyar rafi. Haka malamin gonarmu ya yi ta yi tun kansa na baƙi, har zuwa watan nan da ya yi ritaya.

Aikinsa a baki ba shi da wuya. Doka ta ce duk wanda gonarsa ta taɓa rafi ya bar fili tsakanin shukarsa da ruwa, faɗin da amalanke za ta wuce a sake. Ba a nome shi, ba a zuba masa taki, ba a yi masa feshi. Ciyawar wurin ita ke riƙe gaɓa, ita ke tace ruwan da ya gangaro daga gona kafin ya shiga inda mutane da dabbobi ke sha. To, doka ta zo, amma ba ta zo da man babur ba, ba ta kuma zo da amsar da za a ba manomin da ya ce nan ne ƙasarsa ta fi albarka. Wannan amsar shi aka bar wa.

"Baban Ciyawa, an iso?" in ji manoma in sun hango ƙurarsa. "Yau ma wa'azin ne? To ita ciyawar, a wace tukunya za mu dafa wa yara?"

Sai ya yi dariya, ya tsuguna kusa da mutum ya taya shi cirar gyaɗa. Ba ya tayar da zancen sai hannunsa ya yi ƙasa. Wani ya yarda bana, baɗi ya ƙara kunya ɗaya wajen ruwa, ya ce ai ɗaya ce kacal. Shekara na zagayowa ya ƙara wata. Malam ya dawo ya sake daga farko, kamar mai koya wa aji ɗaya karatu ɗaya har tsufa.

Da ya ga magana ba ta isa ba, sai ya je wa yayarsa. Mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona a daidai inda rafi ke yin kwana, kuma kowace damina ruwa sai ya gutsuri rabonsa. Da wannan gona take ci da marayunta, ba ta da wata.

"Yaya, ba ni gefen nan in dasa jema."

"Auta, kai da kowa ya ƙi, sai ni ka raina?"

"Ke ce ba za ki kore ni ba."

Ta ba shi. Ya dasa jema, ciyawar nan mai doguwar saiwa, layi bayan layi, yana ɗebo ruwa da bokiti yana ba ta har ta kama. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, gaɓa ba ta motsa ba. Masu wucewa suka fara rage tafiya suna kallo.

Ana cikin haka yayar ta aurar da babbar 'yarta. Surukin yaron kirki ne, mai son a yaba masa. Ya zo gaisuwa, ya zaga gona, ya ga ciyawa har ƙugu a gefen gonar surukarsa. A wurin manomi ba abin kunya kamar wannan, gonar rago ake kiranta. Bai gaya wa kowa ba, ya goyo tankin feshi ya bi gefen nan yana fesawa har maganinsa ya ƙare a tsakiya. Sannan ya je ya durƙusa yana murmushi, ya ce, "Inna, na rage miki aiki."

Makwabcin gonar ya ce da Malam ya zo ya ga jema ta ƙone, bai yi faɗa ba. Zama ya yi a kan kunya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Surukin na tsaye yana mutsu-mutsu.

"Kawu, wallahi alheri na nufa."

"Na sani, ɗana. Da mugunta ce ai da ta fi sauƙin magani."

Ruwan farko mai ƙarfi ya kwashe gefen da aka fesa, ya haɗa da kunyoyin masarar da ke bayansa. Inda magani bai kai ba kuwa, gaɓa na nan daram. Wasu sun gani sun gane. Wasu suka ce ga ta nan, gonar yayarsa ma ta tafi. Ita yayar wata guda ba ta amsa gaisuwarsa da daɗi ba, kuma ba a ga laifinta ba, don hatsin da ta tara a wannan shekara bai kai su ƙarshen rani ba. Daga rumbunsa aka cike giɓin, matarsa ce ke kaiwa don kada yayar ta mayar.

Da ƙasa ta yi laushi ya koma da buhunsa, gwiwa na ƙara, ya sake dasawa. Wannan karon surukin ne ke haƙa rami, kansa a sunkuye.

Malam, kai ne ka roƙa wa rafi abin da ba shi da bakin roƙa. Kai ne aka yi wa dariya a bakin kowace gona, ka koma washegari da sallama. Ba za mu yi maka ƙarya don yau ranar yabonka ce ba: har yanzu fiye da rabin gaɓar nan a nome take har bakin ruwa, kuma ka sani, ka gaji, mun ga gajiyar a tafiyarka. Amma gonar yayarka ba ta sake raguwa ba. Bana jikokinta suka ci masarar da aka shuka a bayan jemarka, har tana ce wa masu wucewa, "Ku bar ganin Autana haka, kansa ne da tauri, shi ya sa ƙasata take nan."

Mun gode, Malam. Allah ya huta da gajiya, ya ba gwiwoyin nan sauƙi. Ku kuma masu gona a bakin ruwa, ya daina zuwa, ba wanda zai sake tsugunawa kusa da ku yana lallashi. In damina ta faɗi, garma ta kusa gaɓa, ku ɗaga ta da kanku.