Tulun Ƙasar Inna Dije

Duk wanda ya taɓa kwana a Sabuwar Tamada, ƙauyenmu na bakin tafkin Kainji, ya san kafin masunta su gama kwance jiragensu Inna Dije ta riga ta shiga gida uku. Ungozoma ce, ta haura shekara arba'in a wannan aiki. Takan fara da wadda ta haihu a baya-bayan nan, ta taɓa ruwan wanka, ta ɗanɗana kunun kanwa, ta yi faɗa in ya yi tsararo. Sai ta ɗaga jariri ta gaishe shi da Gunganci, yarenmu, kafin wani ya riga ta da Hausa. Angon ƙarni kuwa, in ta tarar da shi a kwance ba itace a murhu, ya shiga uku.

Ni ma a hannunta na faɗo. Yau ina koyarwa a Yelwa, da gemuna da komai, amma in ta gan ni cikin mutane sai ta ba su labarin yadda na zo duniya da kai kamar kabewa. Ba ni da bakin musu, ita ta gani.

Mu Gungawa ne, asalinmu tsakiyar kogin Kwara. A 1968, da aka datse kogi ruwa ya fara hawa, aka kwashe mutanen tsibirinmu, Gungun Tamada, aka kawo su tudu. Kowa ya ɗauki abin da yake ganin dukiya ne: taru, irin albasa, awaki. Inna Dije ta cika tulu da ƙasar bayan ɗakin uwarta, ta hana a ɗora shi ko'ina sai kan cinyarta. An yi mata dariya sosai a cikin jirgin.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da aka yi haihuwar farko a sabon gari, aka haƙa ramin binne cibiya, sai ta ɗebo ƙasar nan da yatsu uku ta barbaɗa a ciki. Tun daga ranar haka take yi wa kowane jariri. Garinmu na can ƙarƙashin ruwa, amma mu da aka haifa a tudu muna bugun ƙirji cewa cibiyarmu na kwance da ƙasar gungu.

Sai dai tulu tulu ne. Bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi, maganar wane ne ɗan asali, wane ne baƙo ta cika bakin mutane, kuma a daidai lokacin ne ƙasar ta koma ɗan abin da bai fi ɗiba ɗaya ba. Ga mata biyu da tsohon ciki. Ɗaya matar Isa ce, ɗan Magajin gari. Ɗaya kuma Hannatu, matar Benjamin, Bakambaren manomi da ya taso daga wajen Ngaski ya zauna a gefen garinmu.

Magaji ya taka da kansa har ƙofarta. Ya ce, "Dije, wagga da tar rage ki aje ma jikana."

Ta ce, "Ni ba ni aje ma kowa, Magaji. Wanda yar riga isowa shi ka samu."

Hannatu ce ta riga, wata Talata da hantsi, ta sami 'ya mace. Da ta ga an kawo tulun sai ta ce, "Inna, mu ba 'yan gungu ba ne."

Inna Dije ta ce, "Ke kin zo da ƙafa. Ita ɗiyar ga, ina taf faɗo in ba nan ba?" Ta kife tulun a kan ramin, ta bubbuga gindinsa.

Kwana huɗu bayan haka matar Isa ta haifi namiji. Ina gidan ranar, na je barka. Magaji ya tsaya a tsakar gida yana yi wa Inna Dije faɗa, kuma na ji tausayinsa ƙwarai, domin ba son kai ne kaɗai ke cinsa ba. Mutum ne da ya bar kabarin ubansa a ƙarƙashin ruwa.

"Kin ɗauki ƙasar kakannina kin ba baƙi! Jikana fa? Baƙo za shi zama cikin gidan ubanai?"

Inna Dije ta miƙe tsaye. Ta ce a miƙo mata hauya, ta zagaya bayan ɗaki, mu duka muka bi ta. Ta nuna wani wuri da ƙafa.

"Magaji, cibiyar wa munka binne nan?"

"Ta Isa."

"Shekara nawa ke nan?"

"Ashirin da huɗu."

Ta sara, ta ɗebo cikin tafi, ta kama hannunsa ta zuba masa. "Ƙasar da tar riƙe cibiyar ɗanka shekara ashirin da huɗu, wa kake jira shi gaya maka taka ta?"

Magaji ya daɗe yana kallon tafinsa. Can ya durƙusa, da kansa ya barbaɗa a ramin jikan. Da ya miƙe sai ya share ido, ya ce tun suna yara a gungu Dije ba ta taɓa barinsa ya ci gardama ba. Gida ya kaure da dariya, mata suka rangaɗa guɗa.

Bana idonta ya yi rauni, ta miƙa reza da zare ga Halima, wadda ta daɗe tana koyo a hannunta.

Inna, ke ce kika ɗauko mana garinmu a kan cinya lokacin da muke ƙanana ko ba a ma haife mu ba, kuma ke ce kika san ranar da ya kamata ki sauke shi. Uwar tudu da gungu, mun gode. Allah Ya ƙara lafiya, Ya saka miki da Aljanna. Masu riƙe da amanar jama'a, manya da ƙanana, ku zo Sabuwar Tamada ku gaishe ta tun tana jin sallama, ku koyi yadda ake riƙe asali ba tare da an kori kowa ba. In kun zo za ku ga jikan Magaji da 'yar Hannatu suna tatata a ƙofarta. Ku gwada nuna mana baƙon a cikinsu.