Yadda Na Sauya wa Gonar Kawu Jam'iyya

Shekarun baya, ina ajin farko na koleji, na kwance tsummokara daga jikin wasu itatuwa na ɗaura wa wasu. Iyakar laifina ke nan. Ban saci akuyar kowa ba, ban fasa tulun kowa ba. Amma har yau in za a jero shaiɗanun gidanmu, da ni ake farawa, kuma ba na musu.

Shekarar ce sojoji suka ce za su mayar da mulki, aka buɗe siyasa. Garinmu, nan kusa da Cadawa, ya koma kamar shagon tela. Kowace jam'iyya da launinta, a kan babur, a bakin rumfa, har a wuyan jaki. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ɗan shuɗi ne na gani-kashe-ni. In ya ga ruwan ɗorawa, ko a jikin mangwaro ne, sai ya kau da kai yana tsaki.

Yayata kuma tana jami'a a Yamai, tana karanta ilimin muhalli. Karatun shekara huɗu ne, yajin aiki ya ja shi ya kai shida. Duk hutu sai Baba ya yi mata tambaya ɗaya.

"To wai in kin gama, mi za ki zama?"

"Baba, hanyoyin da yawa. Akwai gandun daji, akwai furoje, akwai ofishin magajin gari wajen ruwa da shara."

Sai Baba ya dubi Inna ya ce, "Kin ji. Shekara shida a Yamai, shara."

Abu ɗaya ya rage mata, wato memuwar, babban rubutun da ake karewa gaban malamai kafin a ba mutum takarda. Kuma akwai wani furoje, wato shirin raya itatuwa, a Gidan Rumji da zai ɗauki sababbin ma'aikata kafin daminar baɗi. An ce mata in takardarta na hannu, ta kawo. A kan wannan ta ɗora ranta.

Rubutun nata a kan sabon sassabe ne, wanda manomi ba ya share gona ƙaf, sai ya bar toho biyu ko uku a kan kututture su zama itace. Ta zaɓi 'yan itatuwa a gonarmu da ta Kawu, kalgo da sabara da gawo, ta ɗaura wa kowanne tsumma mai lamba, ta auna tsayi da kauri ta rubuta. Gonarmu ruwan ɗorawa, ta Kawu shuɗi, don ya rantse wani launi ba zai shiga ƙasarsa ba. Bayan damina za ta dawo ta sake auna kowane itace, ta ga yadda ya ƙaru. Ina wurin ta yi wa Baba wannan bayani, amma hankalina na kan gyaɗar da nake ɓarewa.

Wata Lahadi da hantsi aka aike ni yankan ciyawa. Na tsaya kan iyakar gonakin biyu, na dubi shuɗi, na dubi ruwan ɗorawa, sai wata dabara ta faɗo mini wadda a lokacin na ɗauka babu irinta tun da aka kafa duniya. Kafin azahar na gama. Gonar Kawu ta koma ruwan ɗorawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, tamu ta zama shuɗi.

Wallahi ihun Kawu sai da aka ji shi a Gazawa. Ya tsinke tsummokaran duka, ya tara ya cinna musu wuta, ya wuce kasuwa ya tsaya gaban rumfar shugaban 'yan ruwan ɗorawa.

"Kun rasa mutane, sai itatuwana za ku sa a jam'iyya? To ko su ba za su zaɓe ku ba!"

Kwana uku ina dariya. Ko a salla sai na cije leɓe.

Bayan sati biyu Yaya ta sauka daga mota da igiyar awo da littafinta. Washegari muka tafi gona, ni da ita da Baba. Ta tsaya gaban wani kalgo, ta duba tsumman, ta duba littafi. Littafi ya ce lamba tara gawo ne, kuma a gonar Kawu yake. Ta matsa gaba, ta sake dubawa. Ta ƙetara zuwa gonar Kawu, babu komai sai toka a gindin aduwa.

Na jira ta yi faɗa. Na ma riga na zaɓi hanyar gudu. Sai kawai ta zauna ƙasa, ta ajiye littafin a cinya, ta zare takalmi tana zazzage rairayi. Ta daɗe tana zazzagewa, har bayan babu sauran rairayi a ciki.

"Yaya, ni ne," na ce. "Wasa nake yi wa Kawu."

Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Na gaji, ƙanena. Ba ni da ƙarfin dukanka."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Baba ne ya kama kunnena, kuma ina jin tun ranar kunnen hagu ya fi na dama tsawo. Amma da ya sake ni, sai ya tsuguna kusa da ita.

"Wannan abin, in an gano itatuwan, zai gyaru?"

"In an gano su daidai, Baba. Ba da ka ba."

"To tashi. Gonata ce, na san 'ya'yanta."

Kwana huɗu muna yawo cikin rana. Da Kawu ya ji gaskiya, sai da ya fara zuwa kasuwa ba da haƙuri, sannan ya zo ya shiga aikin, yana harara ta duk taku. Yaya ta karanta, "Sabara, toho uku, kusa da shuri." Baba ya ce ga ta can. Kawu ya ce a'a, waccan ce, wannan akuya ta cinye kanta tun kaka. Su yi ta gardama kamar 'yan majalisa, ni ina riƙe da bakin igiya. Inda suka yarda su biyu, Yaya ta auna. Inda suka saɓa, ta ja layi. A rana ta uku na raɗa mata, "Yaya, ki cika sauran da hannunki mana, wa zai zo daga Yamai ya duba?" Kallon da ta yi mini ya sa na koma can ƙarshen igiyar.

Abin da muka tabbatar bai kai rabi ba. Ta buga wa malaminta waya, ta saurara, ta ce to, ta ce to, ta kashe. Malamin ya ce bai isa ba. Dole ta sake awo daga farko, ta jira wata damina.

A yammacin nan Baba ya sa na tattaro gwangwanayen tumatir na unguwa. Shi da kansa ya yanka su, ya huda lambobi da ƙusa, muka ɗaura da waya. Tun daga ranar ban sake jin ya ce shara ba. In baƙo ya tambaya, sai ya ce, "Itatuwa take karanta, kuma aiki ne mai wuya."

Har yanzu ina tsokanar mutane, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma in na ga abu ɗaure a inda ban ɗaura ba, ko igiyar shanya ce, zagaye ta nake yi. Abin da na kwance kafin azahar, Yaya ta yi shekara tana mayar da shi, kuma ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba. Wannan shirun nata ne ya fi damuna.

Yaya ta kare memuwar ɗinta a shekarar da ta biyo baya. Furojen Gidan Rumji ya riga ya ɗauki mutanensa, cikinsu har da ƙawarta. Yau malamar kwantaragi ce a wani koleji a Gazawa, tana koyar da kimiyya, tana jiran gandun daji su buɗe ɗaukar ma'aikata. Gawon gonar Kawu, lamba tara, ya fi ni tsawo sau biyu, gwangwanin na nan a jikinsa.