Alewar da Lorraine Ta Dafa wa Delbert

Lorraine Vukovich ta yi shekara da shekaru tana tuƙa motar 'yan makaranta a garin Duluth na Amurka, shi ya sa take cewa babu kalar hayaniyar da kunnenta bai sha ba. Da ta yi ritaya, ita da mijinta Orville suka guje wa ƙanƙara, suka sayi ɗan gida a unguwarmu ta tsofaffi a Mesa, inda kowa yake da gwiwa ɗaya da ta daina jin magana. Orville bai jima ba ya rasu. Ta kulle kanta a gida tana kallon talabijin, har ranar da abokiyar wasana ta yi targaɗe, na je na jawo Lorraine filin pikilbol, wasan nan mai kama da tanis da muke yi bibbiyu.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kuma ba ta gudu ko kaɗan. Tsayawa take kusa da raga kamar an dasa ta, ta riƙe allon bugunta yadda ake riƙe kwanon suya, ta yi ta mayar da ƙwallo sannu-sannu har na wancan ɓangaren ya ƙosa ya yi kuskure. In wani ya yaɓa mata baƙar magana, sai ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa yaran kujerar baya ta madubi. Yawanci nan take mutum yake shiga taitayinsa.

Ban da Delbert Haugen. Shi tsohon mai gwanjon shanu ne daga Nebraska, ya bar sana'ar amma bakinsa bai samu labari ba. Yana bugu yana magana, yana faɗuwa yana magana, yana shan ruwa ma sai ka ji wani abu na fita ta gefe.

"Noreen," zai ce mini, "wannan bugu ne ko atishawa kika yi?"

Kafin in buɗe baki ya juya. "Lorraine, ana yin wasan nan da ƙafa fa. Ko a gida kika baro su?"

An gwada masa dabaru iri-iri. An kai ƙararsa wurin kwamitin fili, suka kira shi, ya yi ta ba su tarihin farashin bijimai har suka manta dalilin zaman. Ni kuma na toshe kunnuwana da auduga, sai ban ji Lorraine tana cewa in bar mata ƙwallo ba, muka yi karo, na zauna daɓas a ƙasa. Ita ma ta yi masa kallon nan nata. Ya matso bakin raga ya ce, "Wani abu ne ya faɗa miki a ido, baiwar Allah? Bari in hure miki."

Da muka iso ƙofar gidanta ranar, Lorraine ta tambaye ni ko ina da man shanu.

Washegari da safe ta zo fili da gwangwani cike da alewar madara, baƙa-baƙa, mai danƙo kamar kwalta. Ta ce irinta take raba wa yara ranar da za a yi doguwar tafiya.

"Delbert, ɗan taɓa mana ka gaya mini ko sukari ya ji."

"Ai kin zo wurin da ya dace. Ni fa a gidanmu, kakata ta wajen uwa..." Ya jefa biyu a baki lokaci guda.

Haƙoran roba ne da shi sama da ƙasa. Ya tauna sau ɗaya, suka haɗe. Ya zaro ido, ya motsa haɓa hagu da dama, babu abin da ya fito sai "mmm". A karon farko muka ji kukan kurciya a filin nan. Marv, dattijon da ƙuri'a ta haɗa shi da Delbert a ranar, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Aka fara wasa. Abin da ba wanda ya taɓa sani shi ne, mutumin nan gwani ne. Da bakin ya rufu sai hannun ya buɗe. Ya ajiye ƙwallo a kusurwar dama, ya ajiye a ta hagu, ya wuce da ita ta tsakanin ƙafafuna. Lorraine da ba ta gudu, ranar sai da ta yi gudu. Suka yi mana cin kaca, ko numfashi ba mu gama mayarwa ba.

Muka zauna a benci muna haki. Ta goge tabarau da gefen riga ta ce, "Ƙawata, mun yi wa kanmu. Ashe surutun ne yake kare mu."

Washegari Delbert ya iso da fara'arsa yana neman gwangwani. Ta ce ya ƙare. Ya ɗaga ƙwallo zai fara bugu ke nan, sai ta ce da murya mai taushi, "Wai ni Delbert, yaya aka yi maka aikin gwiwar nan ne?"

Ya sauke hannu. Ya faro daga ranar da saniya ta take shi, ya biyo ta kan likitan farko da bai san aikinsa ba, da abincin asibiti. Ƙwallo tana wuce shi ta dama yana nuna mana tabon ɗinki. Muka cinye su kafin a kai ga cire zare.

Tun daga nan Lorraine take juya shi kamar rediyo. In ƙuri'a ta sa shi a ɓangarenta, ta miƙa masa alewa. In yana wancan ɓangaren, ta tambaye shi lafiyar jikoki. Wata rana ya tsaya a bakin raga ya nuna ta da allo.

"Na gane abin da kike yi mini, tsohuwar nan."

"To ka yi shiru mana."

Ya sosa ƙeya. "Ba zan iya ba. Kin san ƙaramar ta fara koyon goge?"

Da gasar tsofaffi ta gari ta zo, ta nemi izinina ta ɗauke shi abokin wasa, na ce ta je Allah ya ba da sa'a. Suka yi ta cin mutane shiru-shiru har wasan ƙarshe. A nan ne zafin rana ya narkar da alewar a jakarta, ta koma kamar kunu. Ta ɗura masa da murfin gwangwani, ba ta kama ba. Ya gaisa da alƙalin wasa, ya gano ɗan Nebraska ne shi ma, shi ke nan. Na biyu suka zo, aka ba kowannensu tawul.

Da yammacin ranar ina gidan Lorraine muna shan shayi mai ƙanƙara, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata siririyar dattijuwa ce da ba mu taɓa gani ba, rungume da tukunya babba, sabuwa fil. Ta ce sunanta Bernice, ita ce matar Delbert, kuma ba ta son ta takura wa kowa, amma in da hali a nuna mata yadda ake dafawa.

Lorraine ta dubi girman tukunyar, ta matsa gefe ta ba ta hanya.